Yadda Za Ki Yi Aikin Kwastomar Sirri a Filin Jirgi Ba Tare da Kanki Ya Tona Miki Asiri Ba

To ai ga ni na dawo! Ku daina kira haka nan don Allah, wayata ta yi zafi kamar an ciro ta daga tanda, ga 'yata Boyana sai yanzu na samu ta yi barci. E, gaskiya ne abin da kuka ji a shagon gyaran gashi. Ni Ralitsa, matar Kostadin mai sa tayil, ni ɗin nan da malamin lissafi ya ce ko aiken burodi ba za a iya yi min ba, yau ni ce ke hawa jirgin sama a kan aiki. Kwastomar sirri! Kamfani ya tura ki shagon cikin filin jirgi kamar kowace matafiya, ki yi sayayya, ki zuba ido ki ga yadda aka karɓe ki, ki rubuta musu. Su kuma su ɗauke miki tikiti.

Tun jiya mata bakwai a zauren nan sun tambaye ni yadda ake yi. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ta huta, tunda yanzu na zama gwana, tafiya ɗaya cur na yi, zuwa da dawowa. Duk wadda ta bi matakan nan daki-daki, na ba ta tabbaci ba wanda zai gane ta, ko da uwar da ta haife ta ce ke tsaron shagon.

1. Ki fara samun dalilin da ba zai bar ki ki ja da baya ba

Nawa dalilin watansa takwas, haƙoransa biyu. Kotse, wato Kostadin ɗina, yana Italiya yana sa wa mutane tayil tun Boyana tana da sati uku. A waya ta san shi. Idan ya kira ta yi ta dariya tana lasar gilashin, ita a wurinta uba wani abu ne mai faɗin tafin hannu da ake sa wa caji. Rannan a gaban baƙi na ce mata, "Ina Baba?" sai ta miƙa hannu wajen wayar surukata. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Sannan na shiga kicin na yi kukana a kan tattasan da nake gasawa.

Tikitin jirgi kuwa kin sani, ba na mai tayil ba ne kowane wata. Ina cikin haka na ga tallan aikin nan, na cika, aka kira ni. Shugabarmu Madam Velichkova ce. Ban taɓa ganinta ba, amma daga muryarta na san siririya ce kuma ba ta sa sukari a kofi. Ta ce, "Ralitsa, doka ɗaya ce. Mai shago ya gane ki sau ɗaya, na cire sunanki. Ba roƙo, ba kuka."

Na ce, "Ni Madam? Ai ni zurfin cikina har tsoro yake ba mutane."

Kin dai ga yadda abin yake. An gane ni, babu aiki. Babu aiki, babu tikiti. Babu tikiti, 'yata ta girma tana ce wa waya Baba.

2. Ki kama bakinki

Wannan shi ne ginshiƙin sana'ar. Kada ki faɗa wa kowa. Ni mutum huɗu kacal na faɗa wa: Kotse, don mijina ne, surukata, don gida ɗaya muke, Gergana mai gyaran gashi, don ta san irin gyaran da ya dace da aikin, sai matar da ke sayar da tikitin bas ɗin Sofiya, ita kuma don ta tambaye ni ina zan je, kuma rashin tarbiyya ne babba ya tambaye ki ki yi shiru. Kowannensu sai da na sa shi ya rantse.

Washegari na je sayen cuku, mai shagon kan kwana ya miƙe tsaye ya gyara wuyan riga ya ce, "Maraba da ranki ya daɗe! Maki nawa na ci?"

Wanda ya faɗa masa, har yau ban sani ba. Mutanen Troyan ba sa iya riƙe magana, abin da ke hana garin nan ci gaba ke nan.

3. Ki yi shigar da ba za a kalle ki sau biyu ba

Madam ta ce a saje da mutane. Na sayi baƙin tabarau da hula mai baki. Surukata ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "'Yar nan, gaisuwar mutuwa za ki ko fashi?" Na cire hular.

A nan ki sa ido a kan surukarki, don ita ma da nata shirin. Tawa ta sa wa Boyana riga uku da hular ulu a watan Mayu, wai jirgi iska gare shi, tana shiga ta ƙofar gaba ta fita ta baya. Ta ɗaura mata sabon jan zare a hannu saboda bakin mutane. Ta cusa min kwalba shida na lutenitsa, miyar nan tamu ta tattasai da tumatir, a akwati, wai ɗanta ya rame, Italiyawa ba su san kan tumatir ba. Da za mu fita ta zo watsa ruwa a bakin ƙofa don tafiya ta gudana lami lafiya. Kofi ɗaya kowa yake watsawa, ita bokiti ta ɗauko, wai aikin gwamnati ne.

Na ce, "Mama, ba na gwamnati ba ne fa."

Ta kashe min ido ta ce, "Na sani mana. Haka za ki dinga cewa."

Da jiƙaƙƙen takalmi na isa Sofiya.

4. Ki ƙirga, amma a zuci

Aikina na farko wani shagon kofi ne bayan an wuce wurin bincike. Ga yadda ake yi, ki rubuta. Kafin ki shiga, ki danna ɗaukar murya a manhajar kamfani, ki jefa wayar a aljihu. Ki ƙirga daƙiƙa nawa aka yi kafin a gaishe ki. Ki karanta sunan da ke maƙale a ƙirjin mai sayarwa. Ki ga ko za ta ce ki haɗa da ɗan abin taɓawa. Ki karɓi rasit. Kina fita ki kashe ɗaukar muryar, don tare take tafiya ofis da fom ɗin da za ki cika.

Ni matsalata ban iya ƙirga a zuci ba, tun ina makaranta. Na tsaya a gaban kanta ina "ɗaya, biyu, uku" a fili. Allah ya taimake ni ina jijjiga Boyana, sai yarinyar da ke sayarwa ta ɗauka wasa nake wa 'yata, har ta taya ni: "huɗu, biyar, ga 'yar gayu!" Sunan kuma ban sha wahala ba. Ta sunkuyo za ta yi wa Boyana wasa, Boyana ta fizge bajen sunan ta kai baki. Na karanta shi a tsanake ina goge masa yawu.

Ki riƙe wannan, ba a littafi za ki same shi ba: goyo ya fi tabarau. Mai goyo ba a zarginta da komai sai rashin barci.

Kafin mu tashi Madam ta turo saƙo, kalma ɗaya: "Madalla." Na nuna wa tsohon da ke kusa da ni a jirgi, amma ban faɗa masa ko ta mece ce ba sai da muka kusa sauka.

5. Kada ki bari kwana biyar su karya miki zuciya

Kotse ya zo tarbarmu da aski sabo da balan-balan mai hoton agwagwa. Ya buɗe hannu. Boyana ta kalle shi, ta kalle ni, ta tsala ihun da ya sa 'yan sanda biyu suka waiwayo.

Kwana huɗu haka. Ya yi rawa, ya yi kukan kyanwa, ya ɗora tukunya a ka. A banza. Rana ta uku ya shiga ɗaki ya kira wayata, tana ganinsa a ciki ta hau dariya tana buga ƙafa. Ya leƙo ta ƙofa da wayar a hannunsa yana cewa, "Ga ni fa, ni ne dai, ni ne na ciki," ta sake fashewa da kuka. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Rali, kishiyata waya ce." Ya yi dariya, amma ban ga haƙoransa ba.

Safiyar rana ta biyar, ranar da za mu dawo, ina haɗa kaya na ji shiru. Na leƙa. Ta yi barci a ƙirjinsa, hannunta ɗaya riƙe da kunnensa. Awa biyu bai motsa ba. Ubangidansa ya yi ta kira bai ɗauka ba, hannunsa ya mutu, fitsari ya matse shi, ya ce ko gidan ne ya kama da wuta a bar shi a haka.

A ƙofar filin jirgi ya riƙe min akwati ya ƙi saki. Ya ce, "Kada ki ɓata aikin nan, don Allah. Wata ɗaya za ta iya tuna ni. Wata shida ba za ta iya ba."

Na ce, "Ka kwantar da hankalinka, ai an ce min madalla."

6. Ki koyi yarensu, ki kuma ɗaure wuyanki

Aiki na biyu a filin jirginsu na can ne, shagon turare. Takarda ta ce: ki nemi ƙaramar kwalba, tsarabar suruka. Mai shago za ta yi ta tallata miki manya, ki ƙi sau uku, a ga ko ranta zai ɓaci. Daga ƙarshe ki sayi ƙaramar. Abu mai sauƙi.

Kotse ya koya min Italiyanci kalma takwas. Na danna wayar, na taka ƙofar shagon, takwas ɗin nan suka watse kamar kaji sun ga shaho. Na ce ba komai, ai Allah ya ba ni kai.

To a nan ne fa. Ke kin san yadda mutum mai hankali yake amsawa: in e ne, kai ya tafi gefe da gefe; in a'a ne, ya tafi sama da ƙasa. Haka uwata take yi, haka kakata ta yi har ta koma ga Allah. Ashe mutanen waje nasu a juye yake! An taɓa faɗa min, Kotse ma ya faɗa, amma wuya ba ya jin magana in ya tsorata.

Mai shagon babbar mace ce, ta ba hamsin baya, gashinta ja kamar an tsoma a ruwan zoɓo, bajenta an rubuta "Sandra". Na nuna mata ƙaramar kwalba. Ta yi murmushi ta ɗauko wata ƙatuwa kamar tulun fure. Na ce a'a, kai sama da ƙasa, da ƙarfi. Fuskarta ta washe, ta ɗora a kan kanta. Ta ɗauko man shafawa. A'a! Ta ɗora. Turaren maza. A'a, a'a, har wuyana yana ƙara. Ta ɗora, ta fara naɗewa da takarda mai ƙyalli, tana ɗaure da kirtani tana waƙa. Ni ina ƙi, tsibi yana tashi.

Can ta tuna da ƙaramar, ta ɗaga ta: wannan fa? Na ji sanyi a raina, na kaɗa kai gefe da gefe har da murmushi. Ta mayar da ita mazauninta.

Na yi wuf na cafke kwalbar na rungume, ina ta kaɗa kai gefe da gefe, idona ya ciko. Matar ta tsaya cak. Ta kalli kaina. Ta kalli jan zaren hannun Boyana. Ta kalli hular ulun. Sai ta ajiye almakashi ta ce da yarenmu, tsaf, irin na gida:

"Ke 'yar nan, daga wane gari?"

7. Idan an yi miki yaren gida, ki yi kamar ba ki ji ba

Abin da ya kamata ki yi ke nan. Ki ɗaga gira, ki biya, ki fita.

Ni ihu na yi: "Troyan!"

Ta dafe ƙirji ta ce, "Lovech!"

Kin ji fa, Lovech, garin nan na kusa da mu, bas ɗin safe! Muka rungume juna Boyana a tsakiya. Ta tofa mata yawu sau uku tana cewa, "Tir, mummuna, kaji su yi miki kashi," don kada baki ya kama ta, na ji kamar a tsakar gidanmu nake. Sunanta Zdravka, shekara ashirin da ɗaya a can, Italiyawa sun kasa faɗar sunan suka maida ta Sandra. Ta jawo min kujera, ta ciro banitsa, gurasar nan tamu mai cuku, daga jakarta, da hannunta ta yi, ta ce in ci, na rame, mijin nawa ba ya ciyar da ni ne?

Ta ce, "Kada ki ji kunyar kan nan. Ni shekarata ta farko sai da na sayi katifa biyu ban so ba. Yanzu kuma nawa ya juye irin nasu, in na je gida uwata ta ce in ci abinci in amsa, sai ta ɗauke kwanon tana zagina. To me ya kawo ki?"

Babba ce. Ta tambaye ni. Ki koma mataki na biyu ki ga abin da na ce a kan haka.

Na faɗa mata komai. Ta yi dariya har jan-bakinta ya taɓa haƙori. Ta ce, "Haba 'yata, ai tun daga ƙofa na san ki. Bakinki yana ƙirga, idonki a ƙirjina kamar mai neman nono. Ke ce ta uku a watan nan. Abin da ban gane ba shi ne kwastomar sirrin da ke cewa e ga komai, na ce yau Allah ya kawo min mai kuɗi."

Sai kuka ya zo min, na ce, "Anti Zdravka, shi ke nan na kashe kaina. Madam za ta cire ni." Na ba ta labarin Kotse da kunnensa.

Ta ce, "Ke tafi can. Akwai wurin da za a tambaye ki ko an gane ki, ki sa a'a. Wa zai sani? Ita Madam ɗin taku wace iri ce?"

Na ce, "Busasshen kifi ce, Anti. Ko an jiƙa ta kwana uku ba za ta yi laushi ba."

Daga nan hira ta yi daɗi. Muka taɓa surukai, muka taɓa tsadar tattasai. Ta shinshina ta ce kamar 'yar nan ta yi aiki, in je ɗakin canza wa jarirai. Na ce daga can nake, kada ma ta tuna min. Teburin ƙugiyarsa ɗaya ta karye, sai kin tare da gwiwa. Babu inda za ki rataya jaka, sai ƙasa, ƙasan kuma a jiƙe. Sabulu yana can bango ɗaya, tebur yana bango ɗaya, wato ki bar jaririya ta mirgino ko ki fita da hannu haka. Injin busar da hannu daidai kan yaro, ya tashi kamar jirgi. Ƙofar kuma ciki take buɗewa, keken yaro ba ya shiga. Na ce wanda ya tsara ɗakin nan bai taɓa riƙe ko ɗan kyanwa ba. Na yi ta yi, kin san ni.

8. Ki cika fom da natsuwa

A bakin ƙofar shiga jirgi na zauna na cika. Gaisuwa, goma. Murmushi, goma. Haƙuri da kwastoma, goma, har na so a ce akwai sha ɗaya. Tambaya ta ƙarshe: kina jin mai shago ta gane ki? Na kalli Boyana, na ce Allah ka yafe min, na sa a'a. Na danna aika.

Wayar ta yi ɗan ƙara ta rubuto: "An aika fom. An aika murya, minti arba'in da uku."

Ban kashe ba. Tun daga ƙofar shagon ban kashe ba.

Ban san yadda na shiga jirgin nan ba. Kwana uku ko cuku bai wuce min ba. Surukata ta ce bakin Italiyawa ne ya kama ni, ta yi ta jefa garwashi a ruwa tana wanke min fuska. Kotse ya kira yana tambaya, "Yaushe za ku dawo? Na gaya wa yaran wurin aiki ta riƙe min kunne." Na ce layin ba kyau, ba na jin sa. A rayuwata wannan ne karo na farko da na riƙe magana a cikina, kuma na rantse miki babu daɗi, ban san yadda masu yi suke yi ba.

9. Idan shugaba ta kira, ki zauna tukuna

Ranar Alhamis da hantsi ina shanya wayar ta yi ƙara.

"Ralitsa."

"Na'am, Madam."

"Busasshen kifi ce ke magana."

Na zauna a cikin kwandon wanki.

Ta ce, "Na saurara duka. Har da yadda ake yin banitsa kada ta yi tauri, na gode. Kin tona kanki, kin tona kamfani, kin kuma yi min ƙarya a fom. Rahoton na jefar, matar nan ba abin da zai same ta. Ke kuma daga yau kin gama shiga shago da sunana."

Na buɗe baki zan yi roƙo, na tuna ta ce ba roƙo. Zan yi kuka, na tuna ta ce ba kuka. Sai kawai na ce, "To Madam."

Na ji tana juya takarda. Sannan ta ce, "Minti goma sha ɗaya kika yi a kan ɗakin jarirai. Shekara biyu ina tura mutane su duba min ɗakunan nan, maza da 'yan mata masu dogon farce, kowa ya dawo ya rubuta min 'akwai tsabta'. Ba wanda ya taɓa ce min ƙofa ciki take buɗewa. Da gaske sabulun yana wancan bangon?"

Na ce, "Madam, taku huɗu! Na auna!"

Ta ce, "To ji nan. Banɗakuna da ɗakunan jarirai, filin tashi da filin sauka, sau ɗaya a wata. Ki tafi da 'yarki, ita ce kayan aikin. Can babu mai gaishe ki, babu mai tambayarki daga wane gari. Masai ba ya hira. Za ki iya?"

Ihun da na yi sai da Boyana ta farka, karen maƙwabta ya amsa.

Nan take na kira Kotse na ce, "Ranar sha tara muna tafe. Wata mai zuwa ma. Da na bayansa. An yi min ƙarin girma!"

Ya ce, "Zuwa me?"

Na faɗa masa. Ya ce, "Wato matata sufetar masai ce."

Na ce, "Ta ƙasa da ƙasa, ka dinga cikawa."

Ya yi ta dariya har muryarsa ta canza, na ji yana jan hanci, wai ƙurar siminti ce. Can ya ce zai mayar wa maƙwabciyarsa gadon jaririn da ya aro, ranar Asabar zai je ya sayo namu na kanmu, tunda yanzu mai gadon za ta dinga kwana a ciki.

Sanarwa

Ni dai na faɗi abin da na sani tsakanina da Allah. Wadda ta bi matakan nan ta dawo gida da tulun turare da man shafawa da ba ta so, ko wuyanta ya riƙe, ko aka kore ta, ko surukarta ta jiƙa mata takalmi, ba ruwana, ba ruwan Boyana, ba ruwan Anti Zdravka. Kada wadda ta zo min ƙofar gida, ba na nan, ina bakin aiki.

Yanzu ki taimaka ki tura wa duk wadda kika san mijinta yana waje ita tana nan da goyo. Ki tura wa Desislava ta bayan coci, nata yana Sifen yana tsinkar lemo, ɗanta har ya fara tafiya bai san uban ba. Madam ta ce tana neman masu goyo biyu. Su ɗauki Sifen, su ɗauki Girka, su ɗauki duk inda suke so. Amma banɗakunan Italiya nawa ne, kada wadda ta taɓa min.